Zauna ta Damata

Shafa'atu ta ɗora tafinta a kafaɗar hagun mijinta za ta murza masa mai. Arzika ya ƙwalla ƙara ya janye jiki.

"Wayyo Allah! Ɗauke hannunki, wuta ce."

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi a gonarsa ta Bungudu, baki ya buɗe, ƙafa ta fara takawa, amma raɗaɗi ya ƙi barin hagunsa. Mahaifiyarsa, Inna Saude, tana tsaye bakin ƙofa.

"Ni kullum ina riƙe shi, bai taɓa ihu ba," ta ce. "Ke kaɗai hannunki ke ƙona shi. Me kika shafo?"

"Inna, wallahi man da aka ba mu ne..."

"Tafi gidanku Tsafe, har mu ga hali."

Shafa'atu ta dubi Arzika. Kunyar uwa ta sa ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a rigarsa. Shirun nan ya fi korar yi mata ciwo.

A Tsafe ta rame ta lalace. Takan zuba wa tafinta ido a kan sallaya, tana roƙon Allah in da sharri a ciki Ya cire.

Ana casar gero sai ga sallamar Inna Saude, ido jawur.

"'Yar nan, na zalunce ki. Mun je asibiti Gusau, likita ya ce in taɓa hagunsa. Ina taɓawa ya yi ihun da ya yi miki. Ashe ɗana bai taɓa miƙo mini hagu ba, sai dama, don ladabi. Wai ciwon daga ƙwaƙwalwa yake, ko auduga ta shafe shi zafi yake ji. An ba shi ƙwayoyi, za a riƙa kai shi fiziyo, wurin gashi da motsa jiki. Zai ragu, amma ba lallai ya tafi duka ba."

Shafa'atu ta fashe da kuka, ta jawo mayafinta.

Da suka isa Bungudu ta sami Arzika jingine da bango, ta tsaya nesa tana tsoron hannunta.

"Na kasa kare ki, Shafa," ya ce. "Ki yafe mini. Zo, zauna ta damata."

Ta zauna. Ya kama tafin da aka zarga ya ɗora a ƙirjinsa.

Ciwo daga Allah yake, kuma Ya saukar da magani. Kafin a zargi mai jinya, a fara tambayar likita.