Ranar da Na Kashe Tetsuran

"To, wa za mu kashe?"

Darakta Onodera ne ya yi tambayar, yana juya sabon abin wasan da kamfani ya aiko mana, kai ka ce shayi yake tayi.

Ban bari ya rufe baki ba.

"Tetsuran."

Duk waɗanda ke ɗakin taron suka juyo gare ni.

Kowa ya san dokar shirinmu. Duk sanda kamfanin kayan wasan da ke ɗaukar nauyinmu zai fito da sabon mutum-mutumi, dole ɗaya cikin tsofaffin ya mutu a katun ɗin, don yara su addabi iyayensu a sayo sabo. Amma Tetsuran? Jirgin ƙasan nan da ke rikiɗa ya koma ƙaton mayaƙi, wanda yara ke kwana rungume da shi?

"Kazuha-san," in ji darakta a hankali, "kin tabbata labarin ne ya kawo haka?"

"Ni nake rubuta shi, ai ni zan sani."

Duk sun san mai muryar Tetsuran. Itsuki Nagamine. Mutumin da saura ƙiris ya zama mijina.

Ririka ce ta raba mu, 'yar mai kamfanin kayan wasan. Ta ga Itsuki ta ƙyasa, ta ɗauki kwalin alewa ta tafi har Kanazawa wajen mahaifiyarsa, ta ce ai kowa ya san ta hanyar da na bi na samu aikina a wajen darakta. Tsohuwar da ma ba ta ƙaunata, ni 'yar mai sayar da kifi, sai ta samu abin kamawa. Shi kuwa gogan ko tambayata bai yi ba. A tashar jirgi ya tsayar da ni, kansa a ƙasa.

"Ki yafe ni. Ba ke kika gaza ba, ni ne ba ni da ƙarfin tsaya miki. Ki manta da muryata."

In manta da muryarsa! Mutumin da ake ji a kowane gida duk safiyar Lahadi, har a tallan madara!

Ban yi kuka a gabansa ba. Na adana kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya, na ce akwai ranarsu. Da ranar ta zo, su na sa a bakin Tetsuran, ya faɗa wa yarinyar da ke tuƙa shi kafin ya mutu. Ko wasali ban canza ba.

Ririka ce ta fara tare ni a bakin lif ɗin hawa bene, takalminta na ƙwas-ƙwas.

"Ke! Ba ki isa ba wallahi! Saurayina ne tauraron shirin nan!"

"Ayya, Ririka-san, babanki bai gaya miki ba? Shi ya fara amincewa. Ya ce in yara suka sha kuka sosai, sabon zai fi sayuwa."

Na bar ta nan baki buɗe. Daɗin da na ji a ranar ba ya faɗuwa.

Ranar ɗaukar murya na zauna bayan gilashi kusa da darakta. 'Yan wasan duk suna ɗaki ɗaya kamar kullum, sanye da kaya masu laushi don kada na'ura ta ɗauki motsinsu, kowa ya matso makirfo ya faɗi nasa ya ja baya ba ƙara. Itsuki ya rame. Na lura, na kuma ce ba ruwana.

A allo Tetsuran ya rikiɗa karo na ƙarshe. Taragu suka naɗe suka zama hannuwa, ya cire yarinyar daga ƙirjinsa ya ajiye ta a kan dutse, ya rungumi abokin gaba ya nufi bakin dutse mai aman wuta.

Itsuki ya matso makirfo.

"Ki yafe ni..."

Ba allon yake kallo ba. Ni yake kallo.

"Ba ke kika gaza ba... ni ne ba ni da ƙarfin tsaya miki."

Muryarsa ta karye. Takardar hannunsa ta yi ƙara, shi da bai taɓa bari an ji motsin takardarsa ba tun da ya fara aiki. Mai kula da sauti ya kai hannu zai tsayar, darakta ya riƙe shi.

"Ki manta da muryata!"

Wannan ba wasa ba ne, kuka ne na gaske, kowa a ɗakin ya san haka. Mai muryar yarinyar ta toshe baki tana sheshsheƙa.

"Shi ke nan," in ji darakta yana share tabarau. "Ba za mu maimaita ba."

Ni kuwa zuciyata fes. Na so ya ji abin da na ji a tashar nan, kuma ya ji shi a gaban jama'a.

Al'ada ce duk wanda aka kashe a shiri, a ba shi furanni ranar aikinsa na ƙarshe. Na ce ni zan miƙa. Na shiga, na rusuna daidai yadda ake yi, na ce, "Sannu da ƙoƙari, Nagamine-san." Aka tafa.

Ya biyo ni har matattakala, furannin a ƙirjinsa.

"Kazu-chan..."

"Kazuha-san," na gyara masa, don kiran shagwaɓa ya ƙare tsakaninmu.

"Tun ranar da aka ba ni rubutun na gane. Na karanta, na kasa cin abinci. Na je na titsiye Ririka, da bakinta ta amsa ƙarya ta yi miki. Na rabu da ita. Na je Kanazawa na gaya wa mama ko ke ko babu."

"Yanzu ka samu ƙarfin?"

"Masoyiyata, na cancanci abin da kika yi min, shi ya sa na zo na faɗa ban nemi a canza ba. Amma ki dube ni, don Allah."

Na dube shi. Kuskuren da na yi kenan, don har yanzu ina son sa, kuma na ji haushin kaina ƙwarai.

Ya yi ɗan murmushi, ido jajir.

"Kin san yadda shirinmu yake. Babu mutum-mutumin da ke mutuwa har abada. A tsinto gutsattsarinsa, a gyara, ya dawo da sabon fenti. Ba za a tsinto ni ba?"

"Na sani," na ce. "Ni nake dawo da su ai."

"To?"

"Shi ya sa ban tarwatsa shi ba, Itsuki. Narkar da shi na yi. Na zauna na yi tunani sosai don kada a samu ko ƙusa ɗaya."

Sannan ya rusuna min irin rusunawar da ake yi wa baƙo, ya sauka da furanninsa.

Ranar Lahadin da aka nuna shirin, ina kicin na jiyo ɗan maƙwabtana ta bango yana ihu, "Mama, ki ce ya dawo! Ki ce ya dawo!"

"Yi shiru," in ji uwar, "ai kullum suna dawowa."

Na kashe murhu na zauna a ƙasa. Duk faɗin Tokyo daga ni sai Itsuki muka san wannan ba zai dawo ba, kuma sai a lokacin kukan da ban yi ba a tashar jirgi ya zo min.