Tauraruwa Mai Jan Na Maƙwabciya

A wani zamani can baya, an yi wata yarinya mai ƙanwa ɗaya, ana ce wa ƙanwar Auta. Kullum in an zuba musu dambu a akushi guda, sai ta ce, "Auta, ɗan kaɗan zan ɗiba." Ta ɗibi kaɗan, ta ƙara ɗibar kaɗan, har gefen Auta ya ƙare. Rannan Auta ta tashi da hawaye, ta koma bayan rumbu.

Da magariba sai ga wata sabuwar tauraruwa, haskenta ya fi na sauran duka. Yarinyar ta ruga wurin kakarsu.

"Kaka, yau aka haife ta?"

"A'a, jikalle, fashewa ta yi. Ta hanya biyu taurari suke fashewa. Akwai babba, wadda makamashin wutarta ke ƙarewa, sai nauyinta ya rufta ciki, ta tarwatse. Akwai kuma ƙarama mai maƙwabciya. Ita takan ja makamashin maƙwabciyar kaɗan, ta ƙara jan kaɗan, har ya fi ƙarfinta."

"To, maƙwabciyar fa?"

"Ƙarfin fashewar yakan wurga ta nesa, ita kaɗai."

Yarinyar ta miƙe. Ta zaga bayan rumbu da gudu, ta tarar Auta na gyangyaɗi. Ta durƙusa ta goya ta, duk da nauyinta.

"Yaya, ina za mu?"

"Wurin Kaka. A bayana za ki ga tauraruwa, kada ki yi nisa da ni."

Auta ta ƙanƙame wuyanta.