Jelar da Ke Ƙarƙashin Suna

"Kwanta! Kwanta na ce!"

Ɗan kwangilar ya zube a tsakar ofishinsa, bakin bindigar Kawu a ƙeyarsa. Ƙarfe goma na safe. Su uku ne suka faɗo masa, fuskokinsu a rufe. Dogo ya ɗaure shi da wayar fanka, ya zaro littafin cek daga durowa, ya cilla wa Mai Fenti.

"Aikinka ne, ɗana," in ji Kawu. "Minti biyar!"

Mai Fenti bai taɓa riƙe bindiga ba. Allunan shaguna yake rubutawa, rabin na unguwar hannunsa ne. Kawu kuwa ƙanin mahaifiyarsa ne, shi ya saya masa buroshin farko. Wa zai ce wa irin wannan a'a?

Mai Fenti ya dubi sa hannun ɗan kwangilar a wata takarda, ya kwaikwaya tsaf. Ya juya cek ɗin, ya rubuta sunan bogin da ke kan katin shaidar da Kawu ya haɗa masa. Sai hannu ya yi abin da ya saba: ya ja jela a ƙarƙashin sunan, ya ɗiga ɗigo biyu.

"Kash! Kawu, na ja jelar alluna. A sake wani?"

Kawu ya daɗe yana kallonta. Ya yi murmushi. "Bar ta. Ta ƙara masa kwarjini."

A banki, Mai Fenti kaɗai ya shiga, fuska a buɗe. Ma'aikaciyar ta dubi katin, ta dube shi. Gumi har cikin takalmi! Ta buga hatimi. Ya fito da jaka, ya jefa ta kujerar bayan motar da su Kawu ke jira a ciki, ya kama ƙofa zai shiga.

"Kai bi ta kasuwa, kar a gan mu tare," in ji Kawu. "Mu haɗu a gareji ƙarfe huɗu."

Mota ta cilla. Ƙarfe huɗu gareji a garƙame, wayar Kawu a kashe.

Washegari Sufeton 'yan sanda yana juya cek ɗin a teburinsa. Ya ɗaga kai. Ta taga, ga allon mai aski a tsallaken titi: jela ɗaya, ɗigo biyu. Ya tsallaka da kansa.

"Malam, wa ya rubuta maka allon nan?"

A kan tsani suka sami Mai Fenti, da buroshi a hannu.

"Ba sunana ba ne a jikin cek ɗin!"

"Sunan aro ne, amma hannun naka ne," in ji Sufeto. "Doka hannu take bi."

"Kawuna ne ya shirya komai, wallahi!"

"Wa ya ga fuskarsa? Me ya rubuta? Hannu ɗaya na gani a takardar nan."

Nan murmushin Kawu ya dawo masa a rai. Kawu ya ga jelar, ya gane ta sarai. Ya bar ta ne don 'yan sanda su samu na kamawa su huta. Abin ya fi ankwar da ke hannunsa ciwo.

Shekara bakwai alƙali ya ba shi.

Ranar ziyara mahaifiyarsa ta zo gidan yari, ta rame, tana share hawaye.

"Ka ci amanar tarbiyya, ɗan nan. Ba don kawunka ba da an kore ni daga gidan haya. Shi yake biya duk wata. Ka riƙa sa shi a addu'a."

Ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya. Ya dubi ramammun hannayenta a jikin ƙarfen da ya raba su.

"To, Mama," ya ce.