Turakun Barira

Ku matso kusa. Ku rage murya, wannan ba a faɗinsa da ƙarfi.

Yaya Barira ba ta manta ranar da ta fara ganin matar ba. Lokacin ita aka ba zanen sabuwar unguwar bayan gari: inda titi zai bi, inda ruwan sama zai gangara, inda za a bar fili a tsakiya mata su sha iska, yara su yi wasa. Filin nan shi ne ranta. A matsattsen lungu ta tashi, ba ta taɓa samun wurin gudu ba.

Rana ta take tsaka. Sadisu safiyo mai awon fili, mai riƙe mata bakin igiya yana kawar da kai don kunya, ya tafi neman ruwa. Ita kaɗai tana buga turaku, ta ja igiya sambal ta gaban wata tsohuwar tsamiya. Ba ta yi sallama ba. Duk mutumin karkarar ya san ba a kafa komai a gindin tsamiya sai an yi wa masu wurin sallama. Ita a takarda ta san wurin.

Sai ga mace da tulu a ka. Doguwa, ba ta sauri. Igiyar tana daidai gwiwa. Matar ba ta ɗaga ƙafa ba, ba ta kauce ba, sai ga ta a wannan gefen. Igiya ko motsi.

"Wa ya tare mana hanya?"

Matar tana gabanta. Muryar kuwa daga bayan kunnenta ta fito.

Barira ba ta saki guduma ba. "Ni ce, Iya."

"Kwashe itacenki. Kar ki dawo."

Washegari aka tarar da turakun duk an tuge, an jera su a gindin tsamiya, igiya a naɗe kamar gammo. Ta sake kafawa. Aka sake tugewa. Sau uku.

Sadisu ya ce, "Injiniya, don Allah mu bar musu."

Alhaji Na'iya, mai ƙasar, dariya ya yi. "Maganinsu katafila. A ture tsamiyar, filin naki ma a yanka shi shaguna takwas. Sa hannu."

"Ba zan sa ba, Alhaji."

"Ke da aljanun bakinku ɗaya ke nan?"

"Direba nawa ka kira? Wanne ya zo?"

Biyu ya kira, kowanne ya ce motarsa ta lalace. Can Alhaji ya ce, "To. In turakunki suka kwana a tsaye, fili ya zauna. In aka tuge, ki miƙa zanen ga wani."

Ta koma da tsakar rana. Sadisu ya ƙi barinta, ya tsaya daga nesa rungume da turaku, bakinsa yana motsi da addu'a. Wannan karon ta yi sallama.

Ganyen tsamiya ya daina kaɗawa. Sai ga matar a gabanta.

"Na ce kar ki dawo."

"Na ji, Iya. Na dawo." Ƙafarta ba ta matsa ba. "Na yi laifi, na kafa ban tambaya ba. Amma in kika kore ni, mai zuwa bayana ba guduma zai kawo ba. Wata rana za a sami direban da bai san tsoro ba."

"Barazana kike mana, 'yar mutum?"

"Gaskiya nake faɗa miki. Nuna min hanyarku, in kauce mata. Filin kuwa ba zan bar muku duka ba. Yaranmu za su yi gudu a nan."

Matar ta daɗe tana kallonta, ido ba ƙiftawa. Sai ta juya ta fara tafiya. Ƙasa ba ta ɗaukar sawunta, don haka Barira ta bi ta a guje, tana fizgar turaku daga hannun Sadisu tana bugawa. Shi bai ga kowa ba. Hanya ta lanƙwasa, ta zagaye tsamiya, ta gangara kwari.

A bakin kwarin matar ta tsaya. "Safe da yamma naku ne. Tsakar rana tamu ce. Wanda ya biyo shi kaɗai, shi ya sani."

Kun ji, ko? Lanƙwasasshiyar hanyar nan da kuke bi zuwa wasa ce. Kar in ji wani ya bi ta shi kaɗai rana tsaka.

Barira ta zaro fensir za ta gyara zane.

"Ba ma karatun takarda," in ji muryar a bayan kunnenta. "Faɗa da bakinki, turakunki su kwana. In kika saɓa, ke za mu nema, ba Alhaji ba."

Barira ta ajiye fensirin. Ta dubi Sadisu, ya gyaɗa mata kai, karon farko ido cikin ido. Ta dafa tsamiyar, ta ɗaga murya har kwari ya amsa.

"Muddin ina numfashi, ba mai sare itacen nan, ba mai ɗora bulo a hanyarku. Filin nan kuwa na yaranmu ne, ba mai ƙwace shi, mutum ko aljan. Ni Barira na yi alkawari."