Sunanta a Ƙasan Takarda

Ranar da Morenike ta fara ganin Gbenro, tsaye yake a ƙofar ofishinta da ganyen rogo a hannu, takalminsa duk laka.

"Ke ce Daktar da ke koya wa kwamfuta gane cutar rogo?"

"Ni ce. Je ka goge ƙafarka tukuna."

Ya fita, ya dawo yana dariya, shi ke nan fa zuciya ta tafi. Dukansu sun gama digirin dakta, dukansu aikin kwantiragi suke a wata cibiyar bincike a Ibadan. Shi yana gona, ita tana rubuta manhajar da ke tace sakamakonsa. Kafin damina ta wuce ya koma kiranta "Injiniyata".

Da zancen aure ya taso, Maami, mahaifiyarta, ko sauraro ba ta yi ba. "Dakta biyu, ba mai allura, ba mai aikin dindindin! Iska za ku ci?"

Ana cikin haka Farfesa, shugabansu, ya turo takardar binciken da za a buga. Morenike ta duba sunayen marubuta, ta sake dubawa. Babu ita. Can ƙasa aka gode mata, ita da direban cibiyar! Kuma kowa ya sani, ba suna a takarda, ba sabon kwantiragi. Ta kasa zaune ta kasa tsaye, ta tura wa Gbenro saƙo:

"Na ga godiyarku. Wata cibiya a Nairobi ta neme ni, tafiya zan yi."

"Injiniyata, Allah ya sani yanzu nake gani. Kada ki amsa musu, ki jira ni."

Ina ta iya jira? Ta bi shi har ƙofar Farfesa, ta kasa kunne, ta ji Gbenro na cewa:

"Ranka ya daɗe, ba manhajarta, ba sakamako. In ba ta ciki, a cire ni."

"Masu manhaja godiya ake musu, haka muka tarar. Ka manta kujerar lakcaran da kake nema takardar nan take jira?"

"Ban manta ba."

Farfesa ya fusata, ya danne takardar har aka rufe neman kujerar. Daga baya takardar ta fito, sunan Morenike kusa da na Gbenro. Ita aka sabunta mata kwantiragi, shi kuwa kujera ta wuce shi.

Da kuka ta ba Maami labari. Tsohuwa ta dube ta, ta ce:

"Ya san zai rasa?"

"Ya sani."

"To me yake jira? Ya turo iyayensa."

Ranar aure Gbenro ya kwanta rub da ciki a gaban Maami, bisa al'adar Yarabawa, shi da abokansa, babbar riga a ƙasa. Ta dafa kansa.

"Tashi, ɗana. Allah ya ba ka wanda ya fi abin da ka bari, ya bar ku tare har tsufa."

Amarya ta manta kunya, ta riga kowa cewa amin.