Fankar Ɗakin Laila

Ranar da abin ya fara, yamma ta yi amma zafin bazara bai sauka a Malanville ba, ko daga gulbi iska ba ta tasowa. Yakuba yana zaune gaban kwamfutar da yake buga wa 'yan kasuwa takardun duwan, wato kwastan, da ita, ya buɗe mata ciki. Fankarta ta tsaya cak. Laifinsa ne kuwa, fanka biyu ya haɗa a ɗan mazauni ɗaya na jikin babban allon cikin injin, mazaunin ya ƙone. Maimakon ya nemo mata wuta ta wata hanya, sai ya shiga ɗakin 'yarsa Laila, wadda take kwance da zazzaɓi, ya ɗauko fankar ƙasa, ita kaɗai ce a gidan, ya saita ta ga injin. Randar da take lungu mai sanyi tun zamanin kakarsa ya mirgina ta waje, don injin ya sami wuri.

Mutumin kirki ne Yakuba, amma wallahi in yana gaban akwatin nan ko gobara ake ba ya waiwaya.

Ana kiran magariba dutse ya faɗo kan kwano. Sai wani, sai wani. Matarsa Habsatu ta leƙa waje, babu kowa, kaji ma sun yi tsit. Fankar kuma, ba wanda ya taɓa ta, ta juya kai a hankali ta ba injin baya. Yakuba ya maida ta, ta sake juyawa. Tsoro ya kama shi.

A magariba ta uku Laila ta tashi ta tsaya bakin ƙofarsa, idanunta a kafe, ta yi magana da muryar tsohuwa.

"Ƙarhe kaka yi ma hihita?"

Kashegari aka ɗauko Malam Faruku daga Garu a kan babur. Ya daɗe yana karatu a kan Laila kafin ya tambaya, "Wace ce ke?"

"Ni ce ta bayan randa. Shekara sittin ban hwasa masu ko ƙwarya ba, kuma ba wanda ya taɓa yi mani hihita. Wanga abu ya zo jiya-jiya, ana lallaɓa shi, ana busa mai iska, ni an kore ni rana. Da mi ya hi ni? A jehwa shi gulbi, ko in tahi gulbin da yarinya."

Habsatu ta fashe da kuka. Malam bai ɗaga murya ba.

"Abincin gidan ne, ba a jehwa shi. Randarki ta koma wurinta, hwanka ta bar gabanshi. Ke kuma ki hita."

Ta ce sai ta gani da idonta.

Yakuba ya kashe injin, ya zare wayarsa daga bango. Ya laluɓo wata wayar da take rataye banza a jikin akwatin wutar kwamfutar, ya haɗa ta da ta ƙaramar fankar injin, baƙa da baƙa, mai ruwan ɗorawa da mai kai wuta, ya naɗe su da kyau. Da ya kunna, fankar ta tashi sumul. Aikin bai kai minti goma ba, kunya ta rufe shi.

Aka maida randa wurinta, fankar ƙasa kuma ɗakin Laila. Laila ta yi atishawa sau uku, ta sulale kan tabarma. Can kuma, idonta a rufe, ta ce a hankali, "Kuma shi riƙa taɓa goshina kamar yadda yaka taɓa injin, shi ji ko da zahi."

"Na yarda!" in ji Yakuba. "Malam, gaya mata na yarda, ta hita!"

Malam Faruku ya sa carbinsa aljihu, ya dube shi.

"Ta hita tun atishawa, Yakuba. Wagga ɗiyarka ce ka magana."