Baƙin Fentin da Grezzju Ya Kasa Shafawa

Da safe Mastru Kalcidon, mai filin gyaran jiragen ruwa, ya tarar da ƙofar sitonsa a ɓalle. Fallayen jan ƙarfen da za a lulluɓe ƙasan jirgin alkamar Odessa da su sun yi ɓatan dabo, haka ma mai gadinsa Fidiel. Hularsa kawai aka gani, da jini da ya bi ƙasa har bakin ruwa.

Kafin Sajan Wenzu Bugeja ya iso, garinmu Bormla ya gama shari'a. Mu mutanen Malta ba ma jiran alƙali. Kowa ya ga Lippu mai toshe ɓarakar jirgi ya shaƙe Fidiel a mashaya ranar Lahadi, ga kuma jini a rigar Lippun. Sufeto Bature ya sa aka kulle shi, ya ce igiya ce maganinsa.

Wenzu mutum ne da kujera ba ta riƙe shi, ranar kuwa abin ya ƙaru. Ya fara da kyaftin ɗin jirgin alkamar.

"Wa ka sayar wa jan ƙarfen?"

"Ni? Sajan, sa hannunka cikin buhun nan." Alkamar ta ɗauki zafi. "Jirgina na kwance a kan katako, kayana na ruɓewa. In saci abin da zai mayar da ni ruwa?"

Wenzu ya bar shi, ya nufi wajen Lippu.

"Ka shaƙe shi?"

"Na shaƙe shi, Sajan. Ƙanwata ya zaga. Ko kai ne, da ka shaƙe shi."

"Jinin fa?"

Lippu ya kwance tsumman hannunsa. Gizago ya tsaga masa tafi, ya kumbura har ya fara ruwa. Hannun nan ko cokali bai ɗauka, balle fallen ƙarfe. Sufeto ya ji bayanin, ya ce ai yana da wani hannun.

Gidan su Fidiel kuwa makoki ya kankama. An cire ƙarfen ƙwanƙwasa ƙofa, an kashe murhu, mata na kuka, Fada, limamin coci, ya yi addu'a ya tafi. Grezzju, yayan Fidiel, masunci ne. Ya rungume Wenzu yana cewa a bi masa jinin ƙanensa. Wenzu ya fito ransa a dagule, bai san dalili ba. Ya zaga tashar jiragen ruwa, ya koma sito, ya sake zagawa.

A bakin ruwa ya tarar da mahaifin Lippu, tsoho Nardu, zaune gefen kwalekwalensa da ya daɗe a kife saboda huji. Gwangwanin baƙin fenti na gabansa.

"Na mene ne wannan, Baba?"

"Na gashin baki," in ji tsohon, ya nuna layin fentin da ke ƙarƙashin idanun da muke zana wa kwalekwale a goshi. "An ce rataye shi za su yi. Gara in shirya."

Tausayi ya kama Wenzu. A wajenmu in an yi mutuwa a gida, layin nan ake fara mayarwa baƙi, tun kafin a sayi akwatin gawa. Ya ɗaga kai ya dubi jerin kwalekwalen, ya tsaya cak.

"Baba, ara mini gwangwanin nan."

Ya tsaya gaban kwalekwalen Grezzju, ya aika aka kira shi, jama'a suka taru.

"Sannu da rashi, Grezzju. Na ga baƙin ciki ya hana ka tuna gashin baki. Har yanzu rawaya ne." Ya miƙa masa buroshi. "Ga fenti, shafa."

"Sai gobe, Sajan."

"Ƙanenka ne fa. Shafa."

Grezzju ya karɓa, ya tsoma, ya kai hannu dab da katakon. Fentin na ɗiga a ƙafarsa. Can ya saki buroshin ya faɗa ruwa.

"In na shafa wa mai rai, teku za ta ɗauke shi da gaske."

Sauran bayanin bai yi wuya ba. Jinin da aka gani a sito na babban kifi ne. Fidiel ya buɗe sito, Grezzju ya kwashe, suka haye tsibirin Gozo da kayan. Can aka samo Fidiel a rumbun kawunsu, kwance a kan jan ƙarfen yana cin cuku.

Sufeto ya tambayi yadda aka yi ya gane. Wenzu ya ce, "Ranka ya daɗe, kuka da kashe murhu kowa ya iya. Sun yaudari Fada, sun yaudare mu, amma babu masuncin da zai yi wa teku ƙarya. Grezzju ya ji tsoron layin fenti saboda ƙanensa, bai ji komai ba a rataye ɗan wani."

Da yamma Wenzu ya koma bakin ruwa, Lippu na biye da shi. Ya ajiye gwangwanin a gaban tsoho Nardu.

"Ga fentinka, Baba. An ɗan taɓa shi."

Tsohon bai ko dubi gwangwanin ba. Ya kamo hannun ɗansa mai ciwon, yana ta faɗan wane sakarai ne ya ɗaure masa shi haka.